Wuyan Rigar Jariri: Layin da Ba a Koya Mana Ba

Duk matar da ta yi goyo a Talata Mafara shekaru talatin ko arba'in da suka wuce ta san wannan kokawa. An yi wa jariri wankan safe, an shafe shi da man kaɗanya, iskar hunturu na kutsowa ta ƙarƙashin asabari, sai a ɗauko rigar ulu saƙar hannu a zura masa. Jikin rigar da laushi, hannuwa sun zauna daidai, amma da an zo kai sai wuyan rigar ya cije. A ja nan, a lanƙwashe kunne can, yaro ya tsanyare da kuka har fuskarsa ta yi jawur kafin kan ya ɓullo. Cirewa ma ta fi sawa wahala. Mun daɗe muna ɗauka cewa haka rigar sanyi take, dole yaro ya yi kuka. Ashe duk rigar ba ta da laifi. Laifin na layi ɗaya ne tak, layin ƙarshe, wanda mai saƙa ke rufe bakin wuya da shi kafin ta yanke zare.

Saƙar tsinke biyu baƙuwa ce a wurinmu, gara a faɗi wannan tun farko. A zamanin kakanninmu in an ce saƙa, masaƙi ake nufi, yana zaune da ƙoshiya a hannu, sawaye na fita siri-siri. Aikin mata shi ne gurzar auduga, da shiɓa, da kaɗi a mazari, su fitar da zare da abawa su kai wa masaƙi. Maganin sanyi kuwa gwado ne da luru, da zanen goyo mai kauri, da wutar kara a tsakar ɗaki. Duk waɗannan tufafi ne na yafawa da ɗaurawa. Babu wanda ake cusa kai a cikinsa ya buɗe sannan ya koma ya tsuke, don haka babu wata hikima ta gado da ta tanadi amsar wannan matsala. Ko tumakinmu ba su taimaka ba: Uda da Balami da 'Yankasa duk masu gashi ne, ba a samun ulu a jikinsu. Zaren da muke kira ulu, tun ranar farko daga waje yake zuwa.

Abin da ya ba ni sha'awa da na girma na bi tarihin sana'ar shi ne, ba Turawa suka fara ta ba. Mafi tsufan kayan saƙar tsinke da aka tono a duniya safuna ne na auduga, fari da shuɗi, daga Masar ta zamanin Musulunci, tsakanin ƙarni na 11 da na 14, wasunsu har da ado mai siffar rubutun Larabci. Daga can ta haura Turai, ta daɗe tana bunƙasa, sannan ta zagayo ta same mu ta ƙofar makarantar boko.

A namu yankin, ni dai abin da na buɗe ido na gani ya haɗu da aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan kogin Sakkwato aka kammala a 1978. Aikin ya jawo ma'aikata daga sassan Nijeriya da dama, wasu da iyalansu, garin ya cika da baƙi. A hannun matan ma'aikata da malamai mata da ungozomomin asibiti muka fara ganin ƙwallon zare na birgima a cinya, tsinkaye biyu na ƙyas-ƙyas. Lokacin kuma ya zo daidai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya shigar da 'yan mata da yawa aji, daga baya darasin kula da gida ya samu gindin zama a ƙananan makarantun sakandare. Wadda ba ta da tsinken kanti sai ta fere tsinken tsintsiya mai kauri, ko ta roƙi wayar ƙafar keke a wurin mai gyara ta goge bakinta a dutse. Da Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, sai saƙa ta shiga cibiyoyin mata tare da ɗinki da haɗa sabulu, injin saƙa mai ja dama da hagu ya fara bayyana a ɗakunan matan aure.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar abin. Babu sunan da za a yi a hunturu ba a ga saitin jariri a cikin kayan barka ba: riga, da wando, da hula mai tuntu, da safa, wani lokaci har da mayafi. Ruwan hoda da fari, shuɗi da fari, ɗorawa da kore. Mace na cikin kulle, ba ta taka ƙofar gida ba, amma ranar Talata yarinya ta ɗauki kwalla cike da hulunan yara ta nufi kasuwa, mutanen Bakura da Maradun da ƙauyukan gefen madatsa su saye. Masu noman rani da ke sammakon ban ruwa a bakin magudanai, inda sanyin asuba ya fi cizo, su ma sun zama masu sayen hular sanyi. Da kuɗin nan mata suka yi adashi, suka tara kwanoni, suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Sai dai ilimin da ya iso mana guntu ne. An koya mana ɗora idanun farko a tsinke. An koya mana ido na gaba da ido na baya. An koya mana ragewa da ƙarawa. Rufe baki kuwa, hanya ɗaya rak aka nuna mana, kuma malamarmu ita ma iyakar abin da aka ba ta ke nan: ki saƙa ido biyu, ki ɗaga na farko ki tsallakar da shi kan na biyu, ki saƙa wani, ki sake tsallakarwa, har idanu su ƙare. Hanya ce mai kyau a inda ake son baki ya tsaya cak, kamar kafaɗa ko gefen mayafi. A wuya kuwa, ɓarna take yi.

Ga dalili. Saƙar da ake yi a ƙugu da bakin hannu da wuya, ɗaya gaba ɗaya baya, ko biyu gaba biyu baya, ba zarenta ne ke talewa ba. Tsarin ne. Layin idanun gaba na turowa waje, layin idanun baya na lotsawa ciki, sai saƙar ta nannaɗe kanta kamar zugazugin maƙeri, in an ja ta buɗe, in an saki ta koma. To ita waccan rufewa da aka koya mana, kwantar da kowane ido take yi a kan maƙwabcinsa, su zama sarƙa guda miƙaƙƙiya. Sarƙa ba ta da ninki, ba ta da rarar zare da za ta bayar. Iyakar faɗinta a ranar da aka gama, iyakarta ke nan har rigar ta tsufa. Ƙasan wuyan na son buɗewa, bakinsa ya hana.

Wuya kaɗai ke ba da wannan matsala saboda yadda muke saƙa riga daga ƙasa zuwa sama. Ƙugu da bakin hannu da bakin hula duk a nan ake farawa, kuma layin farawa yana da ɗan sassauci. Wuya shi ne ake tsinto idanunsa bayan an haɗa kafaɗu, a saƙa sama, a ƙare da rufewa. Sannan a duba wanda aka yi rigar dominsa. Jariri sabon haihuwa zagayen kansa ya kai wajen inci 13 da rabi zuwa 14, ya ma ɗan fi zagayen ƙirjinsa, kuma kafin ya shekara kan ya kusa inci 18. Wuyansa kuwa ɗan siriri ne. Ana bukatar bakin da zai buɗe ya haɗiye wannan kai, sannan ya koma ya kwanta a wuya don kada iska ta shiga. Babu inda ake neman talewa a jikin tufa kamar nan, kuma a nan ne muka sa sarƙa.

Goggona, wadda ta yi kaɗi har idonta ya raunana, ba ta taɓa riƙe tsinken saƙa ba, amma hannunta ya san zare. Wata rana ta ɗauki rigar da aka kawo wa jikanta, ta zura yatsu huɗu a wuyan ta buɗa, ta ji ya tsaya. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, saƙar ga taku ta yi kyawo, amma don mi kunka ɗamre inda kai ka shiga?" Ba ni da amsa a lokacin, kuma babu wata a cikin tsararrakina da ke da ita.

Ba a zauna haka nan ba, an yi ta dabaru. Wasu suka riƙa barin kafaɗa ɗaya a buɗe su sa maɓalli biyu ko uku, kuma wannan dabara ce mai kyau har gobe. Wasu suka daina rigar zurawa gaba ɗaya, suka koma mai buɗaɗɗen gaba. Wasu suka yi wuyan da faɗi sosai, sannan suka zura igiyar zare mai tuntu a bi ta cikin idanu a ɗaure, abin da ban taɓa samun natsuwa da shi ba, don igiya a wuyan jariri mai barci ba abin wasa ba ce. Masu injin saƙa sun fi mu sa'a, domin da yawansu sun iya saƙa wuyan ninki biyu su naɗe shi ciki su ɗinke sako-sako. Uwar da abin ya ishe ta kuwa, reza take sa wa ta tsaga wuyan, daga nan rigar ta fara warwarewa.

An saba cewa gwanjo ne ya kashe saƙar hannu, kuma akwai gaskiya a ciki. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, zaren da ake shigowa da shi ya yi tsada. Dilolin gwanjo kuwa, duk da dokar da ta hana shigo da su, ba su fasa kwararowa daga Kwatano ta cikin Nijar ba, su ɓullo ta Illela da Jibiya. Daga baya kayan jarirai na Sin suka cika Kantin Kwari a leda mai ƙyalli. Manyan masaƙu ma ba su tsira ba, balle mace mai tsinke biyu: masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta Gusau ita ma ta yi shiru. Amma ni ina ganin araha ba ita kaɗai ta yi mana illa ba. Na sha tsayawa a gaban mai gwanjo ina kallon abin da uwa ke yi kafin ta taya. Ba launi take fara dubawa ba. Hannu biyu take sawa a wuyan rigar ta ja, ta saki, ta ga ko ya koma. Rigar da wani yaro ya gama sawa a Ingila tana cin wannan jarrabawa, tamu sabuwa fil tana faɗuwa. Uwa ba za ta sayi abin da zai sa ɗanta kuka kowace safiya ba, ko da 'yar uwarta ce ta saƙa.

Su ma can ba a dare ɗaya suka kai ga haka ba. William Lee ya ƙera injin saƙar safa a Ingila a 1589, amma injin bai iya saƙa mai talewa ba sai da Jedediah Strutt ya ƙara masa wani sashe a wajen 1758, kusan shekara 170 ke nan. Masu saƙar hannu kuma sun yi ta neman yadda za su rufe baki ba tare da sun kashe talewar ba, kowace ta bar abin da ta gano a rubuce. Bambancinmu da su ke nan: su sun rubuta, mu kuwa abin da aka nuna mana a aji shi muka riƙe.

Ni a hannun 'yar ƙanwata na samu amsar, lokacin tana karatu a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan garin. Ta same ni ina gama wuyan wata riga, ta zauna kusa da ni da wayarta ta ce, "Inna, dakata kada ki yanke zaren, ki ga abin da matar nan ke yi." Bidiyo ne a YouTube, hannuwa biyu kawai ake gani da tsinkaye. Turancin ya yi mini sauri, amma hannu ba ya bukatar tafinta. Na ce, "Ɗiyata, mayar da shi baya." Ta mayar, muka bi shi a hankali har na ga inda sirrin yake.

Hanyar ta wata Ba'amurkiya ce, Jeny Staiman, wadda mujallar saƙa ta intanet mai suna Knitty ta wallafa a 2009. Hikimarta ba ta da yawa: tunda sarƙa ta rasa rarar zare, to a ba kowane ido rararsa. Kafin ki saƙa ido, sai ki naɗa zare sau ɗaya a kan tsinken dama. In idon da ke tafe na baya ne, naɗin da kika saba za ki yi. In na gaba ne, sai ki juya naɗin, ki ɗauko zaren daga baya ya haye kan tsinke ya sauko gaba. Ki saƙa idon yadda yake, na gaba a gaba, na baya a baya. Sannan ki ɗaga naɗin nan ki tsallakar da shi kan idon da kika saƙa, ki kuma tsallakar da tsohon idon da ke jira a tsinken dama. Ido ɗaya ya rage, sai ki sake naɗi don na gaba da shi. Kowane ido ya samu ɗan zobe a gindinsa, kuma juya naɗin da ake yi shi ke sa bakin ya bi ninkin saƙar, ya lanƙwasa inda ta lanƙwasa. Tana cin zare fiye da tsohuwar hanya, don haka kada a fara ta da guntun da ya rage. In aka ga bakin ya yi fiffike, a sauya tsinke zuwa wanda ya fi siriri kaɗan.

Daga nan ƙofa ta buɗe, na gane hanyoyin suna da yawa. Wadda ta fi kwanta mini a rai tsohuwa ce, ta Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka, mai littafin Knitting Without Tears na 1971. Ita da allura ake yin ta. Ki yanke zare mai tsawon bakin da za ki rufe sau uku, ki ɗan ƙara, ki zura a allura mai babbar kafa da dakusasshen baki. Ki soka ta cikin idanu biyu na farko daga dama zuwa hagu, ki ja. Ki dawo ki soka ta cikin na farkon kaɗai daga hagu zuwa dama, ki zare shi daga tsinke. Haka har ƙarshe. Babu sarƙa ko kaɗan, zaren zagaya idanun kawai yake yi, shi ya sa bakin ke fita da laushi, ba ya gurzar fatar wuya. Aibinta biyu: tana da jinkiri, kuma in an yi kuskure warware ta aiki ne. A ganina wuyan sabon haihuwa ya cancanci wannan jinkirin. Ta Staiman kuma na bar wa rigunan yaran da suka fara tafiya, masu cire riga da ƙarfin tsiya.

Akwai wani dalili da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi. Kusan duk zaren da ake sayar mana da sunan ulu, na roba ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Mai shakka ta gutsuri kaɗan ta kusantar da ashana: ulun tunkiya ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, wannan kuwa narkewa yake yi ya dunƙule baƙi ƙirin. A hunturu yaranmu a bakin murhu da kaskon gawayi suke kwana su tashi. Rigar da ke narkewa in ta kama wuta, wajibi ne ta zama mai fita daga kai da ja ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne, ilimin ya iso a lokacin da masu karɓarsa suka ragu. A da, ɗakin kwanan 'yan makarantar kwana shi ne babbar makarantar saƙa, babba ta koya wa ƙarama bayan sallar la'asar, ba da umarnin kowa ba. Tun daren 26 ga Fabrairun 2021, da aka kwashe ɗalibai 279 daga makarantar 'yan mata ta Jangebe a wannan ƙaramar hukuma tamu, iyaye da yawa suka ɗauke ƙafa daga makarantar kwana, kuma ba wanda zai ga laifinsu. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar, kasuwannin mako-mako na rufe, sai ga mai saƙa ba bidiyon koyo, ba kasuwar kai kaya. An buɗe daga baya, amma hanyoyin ƙauyuka ba su koma yadda suke ba, masu zuwa cin kasuwa daga lungunan Maradun da Bakura sun ragu, wasunsu ma sun baro gidajen sun dawo cikin gari.

Su ɗin nan da suka baro gida su ne suka fi bukatar abin da ke hannunmu. Ana haihuwa a kangaye da ɗakunan aro marasa ƙyaure, a watan Disamba da Janairu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar jaririn da zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 36.5 a matsayin wanda sanyi ya kama, kuma tana cikin masu jaddada a rufe kan jariri da hula, don ta kai yake asarar ɗumi mai yawa. Kayan kanti sun yi tsadar da mai gudun hijira ba ta iya taɓawa, gwanjon ma yanzu ba na talaka ba ne. Tsohuwar rigar sanyi ta babba, in aka warware ta aka wanke zaren, tana fitar da rigar jariri da hula da safa har da saura.

Don haka kirana ga tsararrakina ne, waɗanda tsinkayensu ke kwance a ƙasan akwati tun zamanin adashin kwalla. Ku fito da su kafin sanyin bana ya shigo. Wadda ke da 'ya ko jika mai waya, ta sa a nemo mata waɗannan hanyoyi biyu, ta gwada a ɗan ƙyalle mai ido 20 har hannunta ya saba. Malaman darasin kula da gida da masu koyarwa a cibiyoyin mata da makarantun Islamiyya na matan aure, ku daina sallamar ɗaliba da hanyar rufewa guda ɗaya. Kuma duk rigar da za ta fita daga hannunku, ku zura hannu biyu a wuyanta ku auna da tef: in bai buɗe ya kai inci 15 ba, kada a kai ta gidan suna, a warware layin ƙarshe a sake.